Bayan An Fito Daga Ƙiru

Idan yaro ya faɗa shaye-shaye har abin ya fi ƙarfin gida, tambayar da iyaye ke yi wa duk wanda suka yarda da shi ita ce, "Ina za mu kai shi?" Amsoshin sanannu ne a ƙasar Kano. Wani ya ce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wani ya ce asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, wani ya ce a damƙa shi ga hukumar NDLEA su tsare shi ya huce, wani ya kawo sunan malamin da ake cewa yana da laƙanin abin. A kudancin jihar kuwa, daga Bebeji har Doguwa, sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne Ƙiru. Akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke raba wanda zai tsira da wanda zai koma ruwa: idan ya dawo, me zai tarar?

Makarantar gyaran tarbiyya ta Ƙiru tana cikin cibiyoyin koyar da sana'a fiye da 20 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a zangonsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Manufar ita ce a ɗauke matashi daga unguwarsu, a raba shi da ƙwaya, a koya masa sana'a, a sallame shi da abin yi a hannu. Aikinta ya yi ta tashi yana kwanciya gwargwadon wanda ke kan mulki, kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta hau a 2023 ta lissafa ta cikin cibiyoyi 26 da ta ce za ta farfaɗo da su. Manufa ce mai kyau, ina kuma cikin masu son ganin makarantar tana aiki ba yankewa, ko wa ke Gidan Gwamnati. Sai dai a auna girmanta da girman abin da aka gina ta dominsa.

A farkon 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64, wato mutum miliyan 14.3, sun taɓa wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. A Jihar Kano kashi 16 ne cikin 100, mutum wajen 1,070,000. Ba dukansu ne abin ya kama ba. Binciken ya ce mutum ɗaya cikin biyar na masu shan ne ya kai matsayin ciwo, wanda ba ya iya bari don kansa ko da yana so. Idan aka auna Kano da wannan mudu, ana maganar mutum wajen 200,000. Ko an gina irin Ƙiru a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 44 ɗin jihar, ba za su ɗauke su ba. Mafi yawan waɗanda za su rabu da ƙwaya, a gida za su rabu da ita. Waɗanda suka samu gurbi a Ƙiru ma, gida za su komo.

Mutanen birni sun saba kallon ɗan ƙwaya a matsayin zauna-gari-banza, wanda rashin aikin yi ya kai shi lungu. Akwai irinsa a ko'ina. Amma a wannan yanki da ke ciyar da Kano, ta ƙofar aiki ƙwayar ta fi shigowa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, noma ya daina jiran damina a wannan shiyya: ana gama girbin masara a shiga aikin rani, a yi dashen shinkafa, a yi tumatir da albasa. Tudun Wada gari ne na shinkafa, daga turara ta zuwa casa zuwa lodi. A ƙasar Ƙiru ga rake ga masara. A Riruwai ga ramukan kuza. A Kwanar Ɗangora hanyar Zariya ta haɗu da wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Jos, direbobi da 'yan kamasho da 'yan acaba ba sa rabuwa da wurin dare da rana. Duk waɗannan ayyuka ne na ƙarfi, kuma yawancinsu jinga ne. Ba a biyan ka don ka yini, ana biyan ka don ka gama: kadada kaza, buhu kaza, lodi kaza.

A dubi yaro ɗan shekara 17 da ya bi yayyensa ƙwadago karon farko. An yi jingar yankan shinkafa, su shida, kuɗin kuma a raba daidai. Kafin azahar bayansa ya riƙe, lauje ya tayar masa da bororo a hannu, sauran sun yi masa nisa. Ba wanda ya zage shi, amma ya ji ɗaya yana cewa gobe ba za a zo da shi ba, yana ja musu baya. Da aka zauna shan fura sai babbansu ya ɓallo rabin ƙwaya daga cikin wata 'yar takarda ya miƙa masa, ya ce, "Ungo, ƙanena, maganin gajiya ne, kowa nan da shi yake aiki." Ya haɗiya. Bayan ɗan lokaci ciwon bayan ya ɗauke, rana ta daina damunsa, ya kamo su, har ya wuce wani. Da yamma ya kai wa mahaifiyarsa kuɗi, ta sa masa albarka. Wannan yaro bai nemi maye ba, kuma a ranar babu wanda zai iya gamsar da shi cewa an cuce shi.

Abin da aka ba shi tiramol ne, ɗan gida ɗaya da kodin da hiroyin. A asibiti mai ƙarfin miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, na 'yan kwanaki, ga wanda aka yi wa tiyata ko ya karye. Wanda ke yawo a kasuwannin ƙauye sau da yawa mai 225 ne, wanda ba a yarda da shigo da shi ba ma. Jikin ɗan Adam yana da nasa sinadarin rage zafi da yake samarwa. Idan ana ɗura masa na waje kullum, sai ya rage nasa, ya kuma daina jin na wajen kamar da. Rabi ya koma ɗaya, ɗaya ta koma uku. Bayan 'yan watanni yaron ba don ya fi kowa aiki yake sha ba, don ya iya tashi daga shimfiɗa ne. Abin da suke nufi ke nan idan sun ce, "Sai na yi caji jikina ke tashi." Tiramol mai yawa kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaro ya yanke jiki ya faɗi a gona yana kumfa, a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi da ruƙiyya, abokansa da suka san gaskiya su yi shiru don kada asirinsu ya tonu.

Ranar da ya ce ya bari, jikin zai karɓi bashinsa. Cikin yini guda hamma ta fara, hawaye da majina suna zuba, tsigar jiki tana tashi, gumi yana keto masa ga kuma sanyi. A kwana na biyu da na uku abin ya fi tsanani: gaɓoɓi kamar ana sara, ciki yana murɗawa, amai da zawo, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaura. Ya san kuma cewa ƙwaya ɗaya za ta ɗauke wannan duka kafin a idar da sallah. Wanda bai ga wannan da idonsa ba shi ke cewa, "Ai da ya ga dama da ya bari." Wajen mako guda wahalar jikin takan lafa. Abin da ke biyo baya ya fi daɗewa, kuma ba a ganinsa: rashin barci, baƙin rai, jin cewa babu abin da ke da daɗi a duniya, da ƙishirwar abin da ke tasowa ba sallama, wata da watanni. Masu haɗawa da diyazafam ko roci kuwa, yanke su rana ɗaya haɗari ne na gaske, domin yana iya kawo jijjigar da za ta yi kisa. Su sai likita ya riƙa rage musu a hankali. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a fara da asibiti kafin a kulle yaro a ɗaki.

Ta fuskar hukuma, abin da muka fi gwadawa shi ne toshe hanya. A 2017 Majalisar Dattawa ta yi ta maimaita cewa ana shan kwalbar kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da rahoton binciken da ya nuna yadda maganin tarin ke fita daga kamfanoni zuwa hannun dillalai, washegari kuma gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. A shekarar ce Indiya, inda mafi yawan tiramol ɗin ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi. Kodin ya yi tsada, ya yi wuyar samu, wannan gaskiya ne. Amma wanda jikinsa ya riga ya kamu bai warke don kwalba ta yi tsada ba. Ya koma abin da ya samu: ezol, diyazafam, wiwi, sholisho, madarar sukudayi, akurkura. A Fabrairun 2025 wani binciken na BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke haɗa wasu sinadarai biyu masu haɗari yana turo su Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol, sai da Indiya ta hana haɗin. Kama dillalai wajibi ne, kuma NDLEA a ƙarƙashin Buba Marwa tun 2021 ta ƙara ƙaimi a kai. Amma kamu aikin rage kaya ne a kasuwa, ba ya taɓa ƙishirwar mai saye. Dokar hukumar ma, da ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da kayan, tana sa uba ya yi ta ɓoye ɗansa har sai abin ya kai inda ba ya ɓoyuwa.

Ta fuskar al'umma kuwa, abin da muka daɗe da shi shi ne gidan mari. Rahoton BBC na 2018 ya nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar Ɗorayi cikin birnin Kano. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, aka kuma bi da irin wannan samame a Daura da Katsina da wasu garuruwa. Ba na zargin iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare. Uwar da ɗanta ya sayar da tukunyarta da buhun masarar gidan, ya ɗaga wa ubansa hannu, ba mugunta ce ta sa ta nemi inda za a ɗaure shi ba, rasa yadda za ta yi ne. Amma sarƙa ƙafa take riƙewa. Tana iya raba mutum da ƙwaya na wata shida, ba ta koya masa yadda zai wuce mai sayar da ita a bakin kasuwa ranar da aka kwance shi. Abin da take ƙara masa shi ne ƙullaci da jin cewa shi ba mutum ba ne, waɗannan biyun kuwa su ne abincin shaye-shaye. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Kafin dokar ta iso ƙauye da sauran tafiya.

To, a ce an yi komai daidai. An kai shi asibiti, an sauke shi a hankali, ya yi watanninsa a Ƙiru, ya yi ƙiba, fatarsa ta yi kyau, ya koyi ɗinki ko walda. Likitocin wannan fanni sun daɗe da lura cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba ba ta cika yin tasiri ba, shi kuwa ya haura haka. Ya sauka a mota a Kwanar Ɗangora da jakarsa. Daga nan ne aikin ke farawa. Manomin shinkafa ya san cewa irin da ke cikin bedi kore shar yake, domin ana ba shi ruwa a kan kari, an kuma kare shi daga komai. Ranar da aka cire shi aka dasa a fili ne yake yin yaushi, kuma kwanakin farkon nan su ke nuna ko zai kama ƙasa. Mu kuwa sai mu yi ta hidima da bedin, ranar dashe mu juya baya.

Wani bincike da aka yi a Amurka ya haska wannan sosai. A 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, hankalin gwamnatin ƙasar ya tashi da jin yawan sojojinta da ke shan hiroyin a can. Aka sa wata masaniya, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka dawo. Ta samu kusan ɗaya cikin biyar sun ce abin ya kama su a fagen daga. Kowa ya zaci za su cika titunan Amurka da maye. Amma a shekarar farko da dawowarsu, wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa, cikin shekara uku kuma wajen kashi 12. Ba wani magani na musamman aka ba su ba. Sun bar wurin da tsoro da kaɗaici da arahar ƙwaya suka haɗu, sun koma inda iyali da aiki ke jiran su. Namu yaron akasin haka yake yi: a wuri mai tsabta ya warke, sannan ya koma ainihin inda ya kamu. Ga majalisar nan a gindin bishiyar da ya bari, ga mai shagon da ke ba shi bashi, ga jingar da ba ta yiwuwa sai da caji. Ƙwaƙwalwa tana ɗaure sha'awar abin da wuri da fuska da lokaci, shi ya sa wanda ya yi wata shida bai tuna ƙwaya ba zai ji yawunsa ya tsinke daga hango lungun kawai. Malamanmu suna karantar da hadisin mutumin nan da ya kashe rai ɗari ya nemi tuba, malamin da ya tambaya bai tsaya ga ce masa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Sau da yawa a wa'azi rabin farko ake jaddadawa. Rabin na biyu shi ne abin da gidan mai jinya ke buƙata.

Ba kowa ne zai iya ƙaura ba, amma Bahaushe yana da hanyoyinsa tun da can. Ana tura yaro wurin kawunsa a wani gari ya yi shekara. Ana damƙa shi ga mai gida a kasuwa, wanda zai san fitarsa da shigarsa. Idan ma a gida zai zauna, ana iya canja masa ɗaki daga zaure ko shagon waje zuwa cikin gida, a canja layin wayarsa, a nema masa abokin tafiya masallaci da gona. Abu mafi wuya shi ne aikin. Mayar da shi jinga a watannin farko daidai yake da miƙa masa ƙwayar da hannu, domin jikinsa bai dawo ba, kuma ya san abin da zai sa ya kamo sauran. Yana buƙatar aikin da ake biya da yini, ko kiwo, ko tsaron shago, ko sana'ar da ya koyo, in har akwai masu sayenta a garin. Nan ma akwai gyara a tsarin koyar da sana'a: keken ɗinki a ƙauyen da teloli suka riga suka yi yawa ba jari ba ne, kaya ne da za a sayar ranar da ƙishirwa ta taso. Gyaran injin ban-ruwa, gyaran babur, haɗa sola, kiwon kifi a gefen Tiga, waɗannan su ne abin da yankin ke nema. Manyan manoma da shugabannin 'yan dako su ma da nasu alhakin. Mai gonar da ke ba da jingar da ya san ba ta gamuwa da ƙarfin ɗan Adam, ya san da me ake gama ta.

Sai maganar yarda, wadda ita ce ta fi ci wa masu dawowa rai. Ya shigo gida, Inna ta yi murna, ta yi masa tuwo da miyar da yake so, amma ya lura makullin ɗakinta yanzu a ƙugunta yake kwana. Kuɗin wani ya ɓata, ido ya juyo kansa kafin a duba ƙarƙashin katifa. A ɗaurin aure ya ji an ce, "Wane ne wancan? Au, ɗan ƙwayar nan ne da aka kai Ƙiru." Ya nemi aure, aka ce a bari a gani tukuna. Mutanen gida suna da hujja, an cuce su a baya, kuma yarda ba ta dawowa da takardar sallama. Amma a san cewa mutanen da za su karɓe shi hannu biyu ba tare da tambaya ba suna nan a gindin bishiya suna jira. Hanyar da na ga ta fi ita ce a riƙa ba shi amana kaɗan-kaɗan, a bayyane. Yau Baba ya ce, "Karɓi wannan ka sayo taki buhu ɗaya." Ya kawo, da canji. Mako mai zuwa a ba shi na buhu uku. Kowace amana da ya sauke shaida ce gare su, shaida ce kuma gare shi.

Zai iya zamewa, kuma gara a faɗa wa iyali wannan tun ranar sallama. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma aƙalla sau ɗaya, adadin da bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa ba. Ba mai korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa, asibiti ake mayar da shi. Akwai kuma haɗarin da kowane mai dawowa ya kamata a gaya masa ƙarara: bayan watanni ba sha, jikinsa ya manta da yawan da ya saba. Idan ya zame ya haɗiyi adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Da yawa daga waɗanda ƙwaya ke kashewa a irin wannan rana take kashe su. Don haka yaron da ya zame ya fi buƙatar gidan da zai iya shiga ya ce, "Yaya, na yi kuskure jiya," fiye da gidan da zai ɓoye wa. A Sahihul Bukhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi masa hukunci, ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Haramcin giyar kansa ma a mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Mai wa'azin da ya san wannan bai kamata mumbarinsa ya zama wurin da mai fama zai ji an gama da shi ba.

Duk abin da na faɗa, da namiji na yi misali, kuma haka tsarin namu yake. Amma binciken nan na ƙasa ya ce ɗaya cikin huɗu na masu shan kayan maye mace ce. Tata ba a gindin bishiya take ba, a ɗaki take: maganin tari, maganin barci, abin da ƙawa ta kawo ranar biki, ko wanda aka fara sha bayan haihuwa mai wuya ko kishi ko saki. Namiji idan ya warke ana cewa ya shiryu. Mace idan aka ji an taɓa kai ta wani wuri, maganar za ta bi ta har ɗakin aurenta, ta bi ƙannenta. Saboda haka ba a kai ta. Wurin da za a iya cim mata ba tare da tonon asiri ba shi ne ɗakin awo da na rigakafin yara, inda take zuwa da ma, in har ma'aikaciyar da ke wurin an koya mata yadda za ta tambaya a asirce da abin da za ta yi da amsar.

Wannan ya kawo mu ga nisa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma a manyan birane suke. Mutumin Riruwai ko Burji da aka ce ya riƙa dawowa Dawanau duk wata, tafiyar awanni ce ta cikin Falgore, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga yinin aiki da ya tafi. Zai je sau ɗaya ko biyu ya bari. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane irin waɗannan matsaloli su kuma bi sawun masu su, kuma Najeriya ta karɓe shi. Ba ma sai mun je nesa neman misali ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: maimakon a kulle marasa lafiya, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa guda, su zo asibiti da rana su koma cikin mutane da yamma. Duniya ta yaba da tsarin, shi kuma ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne ɗan'uwan nan da ke zaune tare da marar lafiya shi ma jinyar yake koya, kuma shi zai ci gaba da ita bayan an koma gida.

Ƙiru na iya ɗaukar wannan. Kafin a sallami matashi, a kira uba ko yaya ko kawu ya yi 'yan kwanaki ana nuna masa alamun zamewa da abin da zai yi. A haɗa kowane mai fita da ma'aikacin lafiya guda a asibitin da ya fi kusa da shi, Tudun Wada ko Doguwa ko Tiga, wanda zai gan shi duk mako a watannin farko. Waɗanda suka shekara biyu ko uku da bari a ba su wuri, ko a harabar masallaci ko a makarantar firamare da yamma, su riƙa zama da sababbin fitowa, domin maganar wanda ya sha wahalar da jikinsa tana shiga inda tawa da ta liman ba sa shiga. A kakar zaɓe kuma, lokacin da ake raba wa matasa abin da ake rabawa a bayan motocin kamfen, dagatai da masu unguwanni su san sunayen yaransu da ke cikin watannin farko, su sa musu ido fiye da kowa.

Duk lokacin bikin yaye ɗalibai ana faɗin adadin waɗanda aka sallama. Adadin da ya kamata makarantar ta riƙa tattarawa tana kai wa majalisar dokokin jiha shi ne na bayan shekara guda: nawa ne ke kan sana'arsu, nawa suka zame aka dawo da su, nawa aka rasa inda suke, nawa suka rasu, kuma daga waɗanne garuruwa. Da wannan lissafi ne za a san ko kuɗin baɗi ƙarin gadaje zai saya a Ƙiru, ko albashin ma'aikatan da za su riƙa bin yaran nan gida-gida a Yako da Gwarmai da Daɗin Kowa.